Mai Gangar da Aka Sallama: Kwana Uku a Libaful

Kawu ne ya jawo wannan tafiyar. Ni abin da ya kai ni Ingila taron kwana huɗu ne a Landan, aka tashi ranar Alhamis da rana, jirgin komawata gida kuwa sai Litinin. Da na buga masa waya in gaishe shi, sai ya ce ba a yi masa gaisuwar waya alhali tsakaninmu bai fi tafiyar awa biyu da 'yan mintuna ba, in je tashar Euston in hau jirgin ƙasa in same shi a Libaful. Ƙanin mahaifiyata ne, ya haura shekara arba'in a can, ban isa in yi masa musu ba. Ina neman kujerata a cikin jirgi sai ga saƙonsa ta WhatsApp, wani ɗaukar sauti na minti talatin da wani abu, a ƙasa ya rubuta: "Ka saurara da kyau, musamman mai ganga. Zan tambaye ka."

Mu a gida in an ce Libaful, ƙwallo ake nufi. Shi Kawu ko kallon ƙwallo ba ya yi. Tun yana ɗan sakandare a Kaduna ya ji Beatles, wata ƙungiyar mawaƙa 'yan Libaful, a faifan garmaho a gidan wani malaminsu, kuma mahaifiyata har gobe tana cewa kiɗan ne ya ɗauke mata ƙane, karatun da ya ce ya tafi yi fakewa ce kawai.

Abin da ya turo min shi ne waƙoƙi 15 da samarin nan huɗu suka rera a sutudiyon kamfanin Decca da ke Landan ranar 1 ga Janairu, 1962, lokacin da ba wanda ya san su in ban da 'yan garinsu da masu zuwa gidajen rawa a Hamburg ta Jamus. Gwaji ne, a ji ko sun isa a ba su kwantiragi. John Lennon na da shekara 21, Paul McCartney 19, George Harrison 18, mai ganga kuma, Pete Best, 20. Ringo Starr da duniya ta sani a matsayin mai gangarsu bai shigo ba tukuna. Ranar jajibirin sabuwar shekara abokinsu kuma direbansu Neil Aspinall ya kwaso su da kayan kiɗansu a wata 'yar motar ɗaukar kaya, ya ɓata hanya ga dusar ƙanƙara na zuba, tafiyar ta cinye musu kusan awa goma. Manajansu Brian Epstein shi jirgin ƙasa ya hau. Da safe suka isa sutudiyo a kan lokaci, amma Mike Smith, wanda zai ɗauki sautin, ya makara saboda shagalin daren jiya. Da ya zo ya dubi amfilifayoyinsu da suka sha wuya a Hamburg, ya ce ba za su yi ba, sai dai su jona da na kamfani waɗanda ba su saba da su ba.

Ni da ke bin hanyar a kishingiɗe, da kofin shayi a gabana, gonaki da tumaki na wucewa ta taga, sau biyu na saurari ɗaukar kafin mu shiga tashar Lime Street. Abin da ya fara zuwa kunnena tsoro ne. Muryar Paul tana rawa a wasu wurare, a wasu kuma yana ƙawata ta fiye da kima, kamar ɗalibin da ke son burge alƙalan musabaƙa. John, wanda aka sani da tsaurin ido, ya yi laƙwas. George ƙaraminsu shi ne ya fi sakin jiki. Uku kacal daga cikin waƙoƙin ne nasu na kansu, sauran 12 na wasu ne, an tsinto daga nan da can don a nuna sun iya kowane salo, sai abin ya zama kamar tallar kayan koli. Ganga kuwa tana can baya, tana tafiya dai, ba ta faɗi ba, amma bugu ɗaya take maimaitawa waƙa bayan waƙa, kuma duk inda za a juya baiti sai ka ji wannan 'yar mirginawar sanduna iri ɗaya.

Haka na faɗa wa Kawu a mota, bayan an gama tambayar mutanen gida ɗaya bayan ɗaya.

"Kawu, ni dai ban ji abin kirki a hannunsa ba. Kamar mai daka shi kaɗai."

Ya yi shiru har muka wuce fitilar hanya biyu. Sannan ya ce, "Ɗan nan, ka ji shi a waya. Gobe zan kai ka inda ake jin sa."

Washegari Juma'a ce, sai muka fara da masallaci. A kan titin West Derby akwai wani jerin tsofaffin gidaje da ake kira Brougham Terrace, a lamba 8 ne wani lauya ɗan garin, Abdullah Quilliam, wanda ya musulunta bayan ya ziyarci Maroko, ya buɗe masallaci a 1889. Ya daɗe a rufe, har ofishin hukuma aka mayar da ginin, kafin a gyara shi a sake buɗewa a 2014. Kawu ya ce min wannan Baturen har Legas ya je a 1894 wajen buɗe masallacin Shitta-Bey, a matsayin wakilin Sarkin Daular Usmaniyya. Muka yi salla tare da Yamalawa da Somalawa da 'yan Pakistan da Turawa, muka fito, muka ci gaba da bin titin zuwa gabas. Na ce masa daga masallaci sai gidan kiɗa, Allah Ya sa kada mahaifiyata ta ji. Ya ce ai gidan kofi ne, ko a zamaninsa ba a sayar da giya a ciki.

Gaskiya ya faɗa. Casbah Coffee Club yana unguwar West Derby, a wani lungu mai itatuwa da ake kira Hayman's Green, shi ma lamba 8. Ƙaton gida ne irin na masu hali na zamanin da, in ba an nuna maka ba sai ka wuce. Gidan su Pete Best ne. Mahaifiyarsa Mona, wadda aka haifa a Indiya, inda shi ma Pete aka haife shi a Madras a 1941, ita ce ta mayar da ɗakunan ƙarƙashin gidan wurin taruwar matasa, ta buɗe ranar 29 ga Agusta, 1959. Iyalin suna ba da labarin cewa kuɗin sayen gidan daga tseren doki ya fito: ta jinginar da sarƙoƙinta ta zuba a kan wani doki da ba wanda ya ɗauka zai ci a gasar Derby ta 1954, ya kuwa ci. A daren buɗewa John da Paul da George ne suka yi wasa, lokacin suna amsa sunan Quarrymen, kuma ba su da mai ganga sam.

Sai an yi rajista tun kafin a zo, Kawu ya riga ya yi mana. Mu tara ne a rukuninmu. Ana sauka 'yan matakala sai sanyi da warin danshi su tare ka. Rufin a ƙasa yake ƙwarai, na ɗaga hannu ban gama miƙe shi ba na taɓa. A ɗaki ɗaya an shafe rufin da baƙin fenti an zana taurari farare, a wani kuma launukan bakan gizo ne jere, aikin hannun Paul. Samarin ne suka yi fentin da kansu don Mona ta samu ta buɗe a kan lokaci. A jikin wani katako an nuna mana inda John ya kafta sunansa da wuƙa, haruffa huɗu a karkace, irin ɓarnar da yara ke yi wa bencin makaranta, yau ga shi mutane na tahowa daga Japan su ɗauki hotonsa. Dandalin da suke tsayawa bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba. Na tsaya a wurin ina ƙiyasta yadda za a cusa ɗaruruwan matasa a wannan ramin, ba taga, ga ganguna, ga jita uku.

A nan na fara gane abin da Kawu ke nufi. Cikin rukuninmu akwai wata tsohuwa 'yar garin, da sandarta, jikarta na riƙe da ita. Ta ce tana 'yar shekara sha biyar take satar fitowa ta zo nan. Da muka fito farfajiya Kawu, wanda ba ya ganin baƙo ya ƙyale, ya tambaye ta ko ta taɓa jin ɗaukar Decca. Ta yamutsa fuska ta ce ta ji, kuma wannan ba su ba ne. Ta dafa ƙirjinta da tafin hannu ta ce nan ake jin Pete, ba a kunne ba. Bayan sun dawo daga Hamburg a ƙarshen 1960, in ya taka babbar gangar ƙafa, kowane bugu huɗu sai ya taka huɗun duka, bango na amsawa, kofuna na motsi a kan kanta. Duk masu ganga na garin sai da suka koma kwaikwayonsa. Ta ce a sutudiyo an tura shi lungu an ce ya sassauta, to me ya rage?

Wani saurayi daga Brazil, dogo, da 'yan kunne, ya saurare ta har ta gama cikin ladabi, sannan ya ce shi ma ganga yake kaɗawa, kuma bai yarda ba. Ya zauna a kan ɗan gajeren bangon farfajiyar ya mayar da cinyoyinsa ganguna. Ya buga salon Pete, ya ce mu ƙirga tare da shi. Ya nuna yadda yake ɗan gaggautawa in an zo amshi, ya kuma ja baya in an koma baiti. Ya ce a ɗaki irin wannan, da ihu da gumi, ba mai lura, amma na'urar ɗaukar sauti ba ta da kara. Sai ya kawo misalin da ya fi ƙarfi: ɗaukar "Love Me Do" da suka yi da Pete a sutudiyon EMI da ke Abbey Road ranar 6 ga Yuni, 1962, inda a tsakiyar waƙar ya sauya bugu zuwa wani salo mai tsalle, waƙar ta yi tangal-tangal kamar za ta kife. Ya buga mana wurin a cinyarsa, har jikar tsohuwar ta yi dariya. Tsohuwar ba ta yi ba. Ta ce, "Kai ba ka nan."

Nan gardamar ta tsaya, don ba wanda ke da amsar wannan. Duk wanda ya ji Pete Best da ƙirjinsa yanzu ya haura saba'in da biyar, kuma kullum raguwa suke. Mu sauran sai abin da tef ya riƙe, tef ɗin kuma na safiyar da aka kwana a gajiye ne. Sai dai ban ga yadda za a yi a ɗora wa sanyi da gajiya komai ba. Wata shida kafin Decca, a Hamburg, da suka raka mawaƙi Tony Sheridan ɗaukar faifai, mai shirya ɗaukar Bert Kaempfert shi ma rage masa ganguna ya yi. Wata biyar bayan Decca, George Martin, mai shirya ɗaukar faifai a kamfanin EMI, ya ce in za a yi faifai sai dai a ɗauko ƙwararren mai ganga na haya. Kunnuwa daban-daban, a garuruwa daban-daban, duk suka tsaya a wuri ɗaya.

Da daddare muna cin tuwon semo da matar Kawu ta tuƙa don ni, na sake jawo maganar dakan nan. Na ce masa wanda ya tashi yana jin kalangu ya san mai ganga ba agogo ba ne. Mai kalangun kirki yana bin bakin mawaƙi, in an jefa magana ya cafe, in an yi shiru ya cike, wani lokaci ma shi ke faɗin abin da mawaƙin ya ji nauyin faɗa. Ringo, duk da ba mai yawan ado ba ne, yana da wannan kunnen, lugude yake yi da sauran ukun. Pete kuwa tabaryarsa na sauka da ƙarfi, amma turminsa daban. Kawu ya ajiye cokali ya ce to ai shi Ringon ma da ya zo, George Martin bai yarda da shi ba: ranar 11 ga Satumba, 1962 wani mai suna Andy White aka ɗauko ya kaɗa, aka miƙa wa Ringo kacau-kacau yana girgizawa. Wannan gaskiya ne, kuma a wancan zamanin al'ada ce a sutudiyo a sa ɗan haya a madadin mai gangar ƙungiya. Martin da kansa ya ce daga baya shi bai ce a kori kowa ba, faifai kawai yake magana. A ganin Kawu, ukun sun daɗe suna neman dalili, Martin ya miƙa musu. Pete ya fi su farin jini wurin 'yan mata, ba ya shiga cikin barkwancinsu, in an tashi wasa yakan ware, ya kuma ƙi sauke gashinsa a goshi irin yadda suka koma yi. Ga mahaifiyarsa mai faɗa a ji, wadda kafin zuwan Epstein ita da ɗanta ke nemo musu wuraren wasa.

Ranar Asabar muka shiga tsakiyar gari. Titin Mathew ɗan siririn lungu ne tsakanin tsofaffin ɗakunan ajiyar kaya, yau ya cika da masu yawon buɗe ido da shagunan riguna da mashaya. Cavern Club da ke wurin ba ainihin na da ba ne: an rufe na asalin a 1973 aka cike shi da ƙasa saboda aikin jirgin ƙarƙashin ƙasa, aka sake gina wannan a 1984 da wasu daga cikin tsofaffin tubalan. Na sauka, na ga bakunan ginin masu lanƙwasa, wani yana rera waƙoƙinsu da jita, jama'a na amshi da kofuna a hannu. Minti goma na yi na fito. Beatles sun yi wasa a Cavern sau kusan 300, kuma mafi yawansu Pete ne a bayan ganguna, amma sai ka dudduba kafin ka ga fuskarsa a kayan da ake sayarwa.

Abin da Kawu ya fi so in gani yana 'yan taku kaɗan daga nan, a titin Whitechapel, inda shagon sayar da faya-fayai na NEMS, na gidan su Epstein, yake a da. Yanzu ba abin da ya rage da zai nuna maka. Muka tsaya a bakin titi mutane na ture mu. Ya ce a nan, ranar 16 ga Agusta, 1962 da safe, Epstein ya kira Pete ofis ya ce masa sauran ba sa son sa, Ringo zai maye gurbinsa. Shekara biyu cif yana tare da su, tun Agustan 1960 da suka ɗauke shi ana jibi-jibin tafiya Hamburg don kwantiragin ya ce lallai sai da mai ganga. Ya kwana da su a ƙazamin ɗaki a bayan allon silima, ya kaɗa musu awa shida, bakwai a dare. Ranar sallama ba ko ɗaya daga cikin ukun da ya zo. Kwana biyu bayan haka Ringo ya hau ganguna a Port Sunlight, tsallaken kogin Mersey. Masoyan Pete suka yi ta ihu a Cavern cewa Pete har abada, Ringo ko kusa, har George ya samu kumburin ido a hargitsin. Ranar 5 ga Oktoba faifansu na farko ya fito.

A wannan gaɓar ba ni da abin da zan ce wa Kawu, don ina tare da shi. Ana iya raba gari da abokin sana'a, kasuwa ta gaji haka. Amma mutumin da kuka ci kwano ɗaya, kuka yi fenti a gidan uwarsa, ta ba ku dandali lokacin da ba ku da kowa, ai ko ba komai a dube shi ido da ido. Aike suka yi. Yara ne a lokacin, na sani, kuma kunya ce ta hana su, irin kunyar da ke sa mutum ya yi abin da ya fi muni.

Pete ya ɗan ci gaba da kiɗa da wasu ƙungiyoyi, abin bai yi ba. Ya yi aikin lodin burodi a mota, daga baya ya samu aikin gwamnati a ofishin sama wa mutane aiki, ya yi shekara 20 a can, yana zaune a garin da kowane lungu ke tuna masa. Ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, a 1988 ya koma kan ganguna da tasa ƙungiyar. Sai a 1995, da aka fitar da tarin tsofaffin ɗauke-ɗauken Beatles mai suna Anthology 1, aka sa waƙoƙi goma da shi ya kaɗa, biyar daga cikinsu na ranar Decca ne, ya samu rabonsa na kuɗi mai kauri. Amma a hoton bangon faifan, inda aka liƙa wata tsohuwar takarda mai hoton su huɗu, an yage daidai kansa, fuskar Ringo ta leƙo ta ƙasa. Kawu ya ɗauko nasa kwafin a gida ya nuna min da ɗan yatsa. Sannan ya ɗauko wani faifan, na ƙungiyar Pete na 2008, wanda aka sa wa sunan lungun gidansu. Hoton bangonsa guntun da aka yage ne, kan saurayin shi kaɗai. Kawu ya haɗa su gefe da gefe a kan tebur yana dariya har da tari.

Lahadi na koma Landan da wuri, da ragowar yini a hannuna, sai na hau jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa West Hampstead. Lamba 165, Broadhurst Gardens, ginin bulo ne da ba ya ɗaukar ido, dab da tasha. Decca sun daɗe da tashi, daga baya wata ƙungiyar waƙoƙin opera ta mayar da shi wurin atisaye. A ranar gwajin nan ta 1962 ƙungiya biyu aka gwada, aka zaɓi Brian Poole da Tremeloes, 'yan Dagenham a gefen Landan, waɗanda ba sai an jira su taho daga arewa ba. Epstein ya ce shugaban sashen, Dick Rowe, ya gaya masa zamanin ƙungiyoyin jita ya wuce. Rowe ya musanta har ya mutu, kuma shi ne ya ɗauki ƙungiyar Rolling Stones a 1963. Tef ɗin da aka ƙi kuwa Epstein ya ɗauka ya kai shagon HMV a titin Oxford don a mayar masa da shi faifai, mai yankan faifan ya ji waƙoƙin nan uku nasu na kansu suka yi masa, ya haɗa shi da wasu masu buga waƙoƙi a saman bene, su kuma suka tura shi wurin George Martin.

Na jingina da wani shinge a tsallaken titi na sa abin ji a kunne, na sake kunnawa daga farko. Wannan karon na ƙure ƙarar, ina neman babbar gangar nan da tsohuwa ta dafa ƙirji a kanta. Tana nan, can ƙasa, kamar ana buga ƙofa a gidan maƙwabta. Ina cikin haka waya ta katse kiɗan, Kawu ne.

"Ka isa lafiya?"

"Lafiya lau, Kawu. Ga ni ma a ƙofar Decca."

"To? Ka sauya magana?"

Na ce masa an zalunce shi a yadda aka sallame shi, wannan na yarda, amma da ni ne mai ƙungiyar, da Ringo zan ɗauka.

Ya ja tsaki. Ya ce kunnena irin na uwata ne, ba laifina ba ne, in na isa in gaishe ta, in kuma ce mata kilishin da ta aiko ya yi yaji da yawa.